Saƙi Na Aiko Miki, Ba Saki Ba

Zuwa ga Mairama, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar bakin Kogin Challawa, zuma farar saƙa, barkonon da ke sa ni hawaye amma ban iya cin tuwo in babu shi! Gaisuwa mai yawa daga Ashafa, wanda ke cewa mijinki ne, ke kina cewa tsohon miji, ofishin haraji kuma ya ce shi bai san wannan zance ba.

Da hannuna na rubuta wannan, da alƙalamin kara da tawadar da na dafa da kaina, cikin ajamin da ni da ke muka koya a tsangaya ɗaya. Na yi rantsuwa ba zan sake kusantar keken rubutu ba har in koma ga Mahaliccina. Ki karanta da idonki, kada ki ba yayanki Lawan ya karanta miki. Karatunsa ne ya kai mu inda muke.

Haba Mairama! Sau nawa zan faɗa? Saƙi na ce, saƙi, zane baƙi mai ɗigon fari irin wanda kika tsaya kina shafawa a Kasuwar Kurmi har mai rumfa ya fara tsaki. Na saya miki shi, na ce bari in burge ki da takarda irin ta manya. Na je wurin Ishaya akawun kamfaninmu na jima, na ce ya buga mini: ga saƙi ɗaya na ba ki. Ina ni ina sanin cewa keken Bature ba shi da lanƙwasa? Ina ni ina sanin ƙarfen banza zai haɗiye wutsiyar harafi ɗaya, ya haɗiye aurena da ita? Takarda ta riga ƙunshin zanen isa gida, Lawan ya karanta miki saki ɗaya, kafin in tashi daga aiki kin kwashe kayanki har da injin markaɗe.

Na yarda, a gaban liman dariya ta kuɓuce mini. Wa zai ji wannan labari ya riƙe bakinsa? Amma dariyar ce ta kashe ni, domin kowa ya ce Ashafa ya saba, da gangan ya yi, wasa da saki kuwa saki ne. Na kuma yarda na yi zuciya, na ce tunda kin gaskata ƙarfe kin ƙaryata ni, ki zauna har ki gaji ki dawo da ƙafarki. Ina nan ina hura hanci, idda ta cika. Wayyo ni! Rana ɗaya tak a rayuwata ban yi tsokana ba, ita ce ranar da aka hukunta ni a kan tsokana.

Yanzu ga maganar haraji, wadda ta sa kika aiko mini da zagin da ko jaki ya ji sai ya sunkuyar da kai. Gaskiyarki, ya hasken idona, kin ba ni naira goma sha takwas in kai ofis, harajin inji na shekara biyu. Ban kai ba. Kina son sanin inda kuɗin suka shiga? Suna cikin saƙin nan da kika dawo mini da shi ko kwancewa ba ki yi ba. Na ce in an yi albashi sai in mayar, albashi ya zo ya tarar ba ni da mata, ba ni da hankali. Kin ga zane ɗaya ya ci aure ya ci haraji. Ko gara ba ta yi wannan ɓarna ba.

Kin aiko cewa wanda ya ci shi zai biya, ke babu abin da ya haɗa ki da ni. Ni ma haka na je na faɗa musu, wallahi, har da buga tebur. Na ce su sakar wa baiwar Allah injinta da suka kulle, ni ne mai laifi, ni za a kama. Sai babban akawu ya jawo takardar da muka yi wa inji rajista, ya nuna mini suna biyu, Ashafa da Mairama, da dangwale biyu a ƙasa, nawa ƙato kamar sawun raƙumi, naki ɗan mitsitsi kamar ƙwan kurciya. Ya ce tare muka dangwala, tare ake bin mu, wanda hannu ya fara kaiwa gare shi shi zai biya duka, kuma gwamnati ba ta san idda ba. Na fito ina huci kamar kububuwa, amma a bakin ƙofa na tsaya. Ashe duk faɗin Kano, daga Bompai har Kumbotso, ofishin haraji ne kaɗai bai yarda mun rabu ba! Allah Ya yi wa wannan akawu albarka, ko da yake ya cuce mu.

Kin tuna ranar da muka yi dangwalen? Kin sa ɗankwalinki ruwan goro, kina ta faɗa mini in natsu, nan ofis ne ba dandali ba. Na natsu har muka fito. A bakin titi na ce ƙuda ya sauka miki a hanci, na goge miki da babban yatsana, tawadar ba ta bushe ba. Haka kika shiga motar Panshekara da shuɗin hanci, kina gaishe da mutane cikin mutunci, su kuma suna kau da kai suna cije leɓe. Da kika gani a madubin direba, kin ɗaga hannu za ki make ni, dariya ta kayar da hannun. Ina wannan Mairamar ta shiga? Wa ya sace ta ya bar mini mai aiko da zagi ta bakin Lawan?

Kwaɗon da na taɓa sa miki a tulu, kwana ɗaya ya yi ya yi tsalle ya tafi. Kwaɗon da gwamnati ta datse wa injinki yau kwana ashirin, kuma ba ya tsalle. Na san matan unguwa sun koma kai markaɗensu wani gida. Na san da kuɗin adashinki na shekara uku aka sayi rabin injin nan. Wannan ke hana ni cin abinci, ya ke tauraruwar asubahina, mai taurin kai kamar ƙwallon goriba.

To, saurara da kyau. Na sayar da kekena, na sayar da rediyona, na biya kuɗinsu har da tara. Yanzu a ƙasa nake zuwa Challawa in dawo, ga warin fata ga gumi, karnuka ma sun daina bi na. Amma sun ce ba za su cire kwaɗo ba sai yatsun nan biyu da suka buɗe takarda sun zo sun rufe ta tare. Ranar Litinin da hantsi ne wa'adi. In ba ki zo ba, inji ya tafi gwanjo.

Na san abin da za ki ce: wata sabuwar dabarar Ashafa ce. Na yarda, saƙon da na aiko watan jiya cewa ina kwance rai a hannun Allah ƙarya ne, so nake in ga ko za ki leƙo. Na kuma ji labarin kin sa mayafi har kin kai zaure kafin Lawan ya tare ki, kada ki musa. Amma wannan karon ga rasiɗi nan a cikin takarda, da hatiminsa. Ki kai wa duk ɗan bokon da kika yarda da shi, ban da mutum ɗaya.

Ki zo, Mairama. Ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin dube ni ba. Ki dangwala, ki karɓi injinki, na bar miki rabona a ciki halak malak. Ran nan sunana zai fita daga kusa da naki, a wuri na ƙarshe da suka rage tare, kuma ni da kaina na sayar da keke don a raba su. Wane irin wawa ne ke yin haka, in ba wanda so ya gama da shi ba?

Ga saƙin nan na sake aikowa. Na ɗaure shi da wasiƙar da igiya ɗaya, kada wani ya riga wani isa. In kin zo da wani zane, na fahimta, zan dangwala in kama hanyata. In kuwa kin ɗauro shi, daga ofis gidan Babanki zan wuce da goro da sabon sadaki, in durƙusa har gaban Lawan.

Na yi alkawarin da mun fito, hannuna zai zauna a aljihu har tawada ta bushe. Sai fa in ke kika miƙo hancin.

Naki tun kafin tawada, naki bayan ta goge,

Ashafa
Panshekara, ranar Alhamis