Inda Za a Ajiye Injin Wanki

Yaya Hasiya,

Na tarar kin koma barci bayan asuba, ni kuma na makara lakol, an kusa shiga aji.

Jiya a Maraɗi na ga injin wankin nan mai ƙofa a gaba. Mai shagon ya ce in ba a kan siminti aka ɗora shi ba, rawa zai yi ta yi har ya lalace. Da kika tafi kasuwa na auna ɗakinki da igiya. Shi kaɗai ke da siminti, ga wuta, ga famfo a bakin ƙofa.

Na yi ta waswasi, amma na yanke, zan saya. Maigida, ƙanenki, ya ce yadda na gani.

Dama wanki ne ya zaunar da ke nan tun rasuwar mijinki. Inji kuwa ba ya ciwon baya, ba ya neman ƙarin tuwo.

Ki ɗaure kayanki, ran Juma'a amalanken Nomau zai kai ki ƙauye, Gangara.

Kayan yara na cikin baho. Ki wanke yau, injin sai Asabar zai iso.

Zakiyya