Amawalin Intalla

Dakoro, farkon bazara

Zuwa ga ɗiyata Azara, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni, in ban da gwiwa da ɓacin rai. Salihu mai rubutu na ƙofar meri, ofishin magajin gari, ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, na kuma ce mashi in ya rage kalma ɗaya Allah na gani. Ya ce in yi maki magana ta waya, na ƙi. Maganar waya iska ce, gobe ki ce ba ki ji ba. Takarda ba ta musu. Haruna direba zai kawo maki ita.

Maganar kin san ta, don tun shekarar da kika fara yawo da zane-zanenki nake yin ta. Kin zana Jimrau. Jimrau dillalin raƙuma, wanda ya taɓa sayar mani da taguwa mai tari ya rantse ƙaiƙayi ta shaƙa. Kin zaunar da shi a kara, kasuwar dabbobi, da rawanin aro, kin zana shi, kin kai shi Abijan an saye. Tun ranar ba mu huta ba. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya a rumfar mai shayi ya ce, "Ni fa yanzu ina rataye a gidan wani babban mutum, ana kunna mani fanka." In na zo wucewa ya ɗaga murya, "Intalla, kai ina aka rataye ka?" Mutane su kwashe da dariya.

Kin zana matan Korahane a bakin rijiya. Kin zana raƙuman mutane. Har jakin Safi mai ruwa kin zana. Uban da ya haife ki kuwa ko inuwarsa. Na tambaye ki da Sallah, kika ce, "Baba, shayinka zai huce." Na aiki Haruna ya tambaye ki, ya dawo mani da kwalin sukari. Sukari na tambaya? Muni gare ni? Ko don ban yi lakwal na karanta boko ba kike jin kunyar nuna ni ga mutanenki? Ai Jimrau ma ko alif bai sani ba.

Na ji za ki wata kasuwar zane a Dakar. To, in kin tafi ba ni cikin kayanki, kada ki aiko mani da komi in kin dawo.

Allah ya yi maki albarka, ko da yake kin gajiyar da ni.

Ubanki, Intalla

*

Dakar, daga filin baje koli

Zuwa ga Baba.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da gaisuwar girma, ina yi maka sannu da gwiwa. Takardarka ta same ni ina ɗaure kaya. Wannan da hannuna na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura wa Malam Salihu ya karanta maka. Ka yi haƙuri da waya, Haruna ba ya zuwa bakin teku.

Baba, kana jin kamar gata ne a zana mutum a kawo shi nan. Da ka ga wurin! Masu manyan shaguna sun kama tsakiya, da fitilu da ma'aikata. Ni da ba ni da kowa an ba ni ƴar rumfa a ƙarshe, kusa da ƙofar da ake fitar da shara. Zane-zanen na naɗe su cikin bututun roba, na rungume su a mota tun daga Yamai, kowace iyaka sai ƴan duwan masu binciken kaya sun sa na warware. Da na iso na nemi kafinta ya buga mani katako. Yini nake a tsaye. In zan yi salla sai na roƙi maƙwabciyata, wata mai sassaƙa, ta duba mani. Mutum ya zo ya daɗe yana kallo har in sa rai, sai ya ɗauki hoto da wayarsa ya wuce. Masu saye kuwa raƙumi suke so da baƙin rawani. Abin da ya sa Jimrau ya sayu ke nan, rawanin aka saya, ba shi ba. Kana iya gaya masa.

Yanzu maganarka. Na zana ka, Baba. Tun shekarar da Inna ta rasu na zana ka. Duk inda na je kana cikin bututun nan, sai dai ban taɓa warware ka ba, ina da dalilina. Da na karanta takardarka na ce to, tun da shi ya nema. Na rataye ka a tsakiyar rumfa.

Ban taɓa ganin haka ba. Mutane na tsayawa har suna tare hanya. Wata tsohuwa ta dawo sau biyu. Masu manyan shaguna da ba su amsa gaisuwata ba jiya, yau sun zo suna tambayar sunana.

Ka gai da kawu Attaher in ya shigo kasuwa. Ka yi mani addu'a.

Ɗiyarka, Azara

*

Dakoro

Azara.

Salamu alaikum, don ba a hana Musulmi sallama. Salihu, rubuta yadda na faɗa.

Da aka karanta mani takardarki na tafi kara da ƙafata mai ciwo, na ce wa Jimrau shi a ɗakin mutum ɗaya yake, ni tsakiyar kasuwa nake a Dakar, ana tare hanya domina. Na kuma gaya mashi maganar rawanin. Ya juya ga raƙumansa. Da na san abin da yake ƙullawa, da na kama bakina.

Kasuwa ta zagayo. Ina zaune a rumfar mai shayi sai ga shi da waya a hannu. Ashe masu kasuwar taku suna zuba hotuna inda duniya ke gani, ya sa wani malamin lakwal ya nemo mashi. Ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga Intalla! Ashe wushirya gare shi! Shekara nawa muna tare yana ɓoye mana!"

Na karɓa na duba. Ni ne. Amawali a sauke har ƙasan haɓa, kai a baya, baki a buɗe, haƙora duk a waje kamar ɗan akuya ya ga dusa.

Ke ba baƙuwa ba ce. Kin san tun ranar da aka naɗa mani rawani ban bar namiji ya ga bakina ba. Ko fura zan sha a cikin mutane, ta ƙarƙashin amawali ludayi ke bi. Likita ma a Maradi sai da muka yi rigima. Abin da na rufe tun ina saurayi, ke kin buɗe shi a bakin teku.

Ba nan ta tsaya ba. Kawunki Attaher na wurin, ya kawo raguna daga Ajekoriya. Yayan uwarki, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Waya ta bi hannu hannu har ta kai gare shi. Ya duba, ya miƙa wa na kusa, ya ja amawalinsa har ƙarƙashin ido, ya tashi ya bar shayinsa. Tun ranar ban koma kara ba. In na zauna cikin gida in tashi, in na fito ƙofa in koma.

Na ce ki zana ni. Ban ce ki tuɓe ni ba. Ki sauke abin nan, ki naɗe, ki kawo mani da hannunki. Salihu na ta roƙona wai a tura wannan ta waya don ta yi sauri. Na ce waya ta yi mani abin da ta yi, ya isa. Haruna zai kai.

Intalla

*

Yamai

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Ina durƙushe ina gaishe ka. Jiya na sauka, yau Haruna ya ba ni takardarka. Ta daɗe tana jirana a tasha.

Baba, zanen ba ya hannuna. A can, in an sayi zane, ana manna masa jan ɗigo a gefe. Naka an manna masa kwana biyu kafin a tashi. Tsohuwar da na ce maka ta dawo sau biyu ita ta saya, Madam Rahinatu, ungozoma ce da ta bar aiki. Da takardarka ta zo ta waya, da ta same ni kana rataye. Ba don in ɗora maka laifi na faɗa ba. Laifin nawa ne, na san abin da amawali yake, shi ya sa na ɓoye shi shekarun nan. Amma da na ga mutane sun tsaya, daɗi ya ɗauke ni, ban tuna Dakoro na da waya ba.

Yau da safe na kira ta, na ce zan mayar mata da abin da ta biya. Ta ce a'a. Ta ce mijinta soja ne, har ya mutu ba ta ga haƙoransa ba, ita wannan dariyar ta saya, kuma ba a ɗakin baƙi ta sa shi ba, a inda take karyawa ne. Na roƙe ta, ta ce in ba ta lokaci. Ban ga alamar za ta sake ba. Kuma kada in yi maka ƙarya, ko ni ban san ko ina so ta sake ba. Shi ne aikin da ya fi duk abin da hannuna ya yi.

Ba ƙirƙira na yi ba. Ka tuna daminar da muka yi a arewacin Korahane, ranar da ruwan farko ya sauka bayan shanu sun fara faɗuwa? Kuna cikin bukka kai da Inna, ni ina bayan asabari ina tsane kayana. Ka sauke amawali za ka sha nono, sai ta ce maka wani abu. Ka yi dariya har nonon ya zube maka a riga. Ban taɓa ganin fuskar nan ba, ban kuma sake ganinta ba. Da ta rasu na ji tsoro kada fuskar ta bi ta, tun da ita kaɗai ka nuna wa. Shi ya sa na zana.

Duk lokacin da na so in zana ka da amawali, sai in ga wani tsoho mai faɗa, irin wanda kowa ya sani. Hannuna ya ƙi.

Ka yafe mani. In ka ce in zo, zan zo.

Ɗiyarka, Azara

*

Dakoro, ruwa ya fara haɗuwa

Zuwa ga Azara.

Wa alaikumus salam. Gwiwa na nan. Jan ɗigo kuma! An yi mani shaida kamar bijimin da aka gama cinikinsa.

A cikin takardar nan akwai ƙyalle. Daga alashona, rawanina na aure, na yanke shi, Salihu shaida ne, har ya ce in bari. Ki aika wa ungozomar. Ta sa allura biyu ta rufe bakin. In namiji ya shigo gidanta, ko wani daga ƙasarmu, a rufe. In ita kaɗai ce da kofinta, ta ɗaga, na yafe mata, tun da Allah ya haɗa ta da soja.

Attaher ya zo gida. Ya zauna ya ba ni gefe, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya ce, "Ni ban ga komi a waya ba." Na ce madalla. Da ya kai ƙofa sai ya ce, "Amma ashe ƙanwata ba ta yi zaman baƙin ciki ba." Ya tafi.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Ranar na tuna ta. Na tuna ruwan, na tuna ƙwaryar, na tuna rigar, har wankin da ta yi mata tana mita. Abin da ta ce ne ya ɓace mani. Na sa Salihu ya buɗe mani hoton ya fi a ƙirga, ina duban bakin nan ko zai gaya mani, har ya ce batirinsa nake cinyewa. Na je wurin Uwale aminiyarta, ta ce ita tana Ɗan Gulbi a daminar. Attaher ba a tambayarsa irin wannan.

Saura ke. Kin ce kina bayan asabari. Asabari ba bango ba ne. Wanda ya ga haƙora ya ji magana. Kada ki ce mani kina yarinya, kada ki ce shayina zai huce, kada ki aiko da sukari. Ki zauna ki tuna. In kin kasa, ki zo nan mu zauna mu biyu har ɗaya ya tuno.

Tun da nake tambaya a duniyar nan ba wanda ya taɓa ba ni amsa daidai da tambayata. Wannan karon sai an ba ni. Me uwarki ta ce?

Ubanki, Intalla