Sun Ce Dogo Ya Rage Shekaru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da kanta.

Yaya, raina a ɓace nake rubuto maka. Ka san an kira ɗanka Dogo sansanin ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar, a matsayin mai tsaron gida. To, sun koro shi. Ba don an zura masa ƙwallo ba, kocin da bakinsa ya ce babu mai hannunsa a wurin. Wani jami'i ne ya zo duba yara, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan zanƙalelen ya kusa aure, ya rage shekaru. A gaban yara ya faɗa, suka kwashe da dariya. Tsawon da suka ɗauke shi dominsa, shi ne ya zama laifinsa.

Na yafa mayafi na tafi har ofishinsu. Na ce wa jami'in ni na haifi yaron nan, a shekarar da ka bar gida, kuma tsawon na gidanmu ne, kai kanka sai ka sunkuya kake shiga ɗakin Inna. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce kowace uwa haka take cewa. Na ce to a yi masa gwajin ƙashin da ake yi wa sauran don gano shekaru, ya ce lokaci ya ƙure.

Yanzu yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya kulle kansa a ɗaki, abinci ma sai na tsaya a kansa. Yaran layinmu sun laƙaba masa Baba Tsoho. Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Ni kuwa zan koma ofishin nan, in sake komawa. Ba gurbi nake roƙa masa ba. A gaban yara aka kira ɗana maƙaryaci, a gabansu nake so a janye.

Inna da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida Anti da Auta, ka shafa min kan jaririya.

Taka ƙanwa,
Maman Dogo