Kaset ɗin Bikin Su Mama

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai dai ɗakin ajiyar kaset ɗinmu sanyi kamar firji, safa biyu nake sawa.

Na juye kaset ɗin bikin su Mama a kwamfuta. Maigidana ya ce in zaɓa: ƙaramin fayil mai shiga waya amma fuskoki su dushe, ko babba da ba ya zubar da komai. Na zaɓi babba. Yaya, mutumin nan mai tiƙar rawa har hularsa ta faɗi, ashe Kawu ne, mai hana mu rawa!

Ki ce ya kwantar da hankalinsa, ƙaramin zan yi in turo gida, ba za a gane fuskarsa ba. Babban kuwa, an adana shi har jikoki.

Allah ya sada mu.

Ƙaninki