Ɗan Katakon Da Ka Ba Ni Ajiya

Assalamu alaikum Malam, maigidana.

Ina gaishe ka a makwancinka, Allah Ya kai haske kabarinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, kuma da matan unguwa za su ga ina rubuta wa mamaci wasiƙa, cewa za su yi takaba ta taɓa mini kai. To su faɗa mana. Da wa zan yi maganar? Kai ka ɗora mini wannan kaya, kai zan gaya wa yadda na yi da shi.

Gida lafiya, unguwarmu Shamaki tana nan yadda ka bar ta. Lemon da ka dasa ya yi 'ya'ya, yaran maƙwabta sun fi mu sha. Takabata ta wuce rabi. Ba a raba gado ba tukuna, ƙaninka Sale ya ce sai bayan na fita. Abba ne dai, ɗanka. Saboda shi na ɗauki biro.

Ka tuna Asabar ɗinka? Da ka karya kumallo sai ka haɗa bindigarka mai baki biyu, ka ɗauki buhun gwangwanayen tumatir da nake tara maka, ka nufi gona can bayan Gabukka. Ka jera su a kan kututture, ka ja da baya, ka yi ta harbi har rana ta yi zafi. Ni kuwa ba na raga maka. Mutum da furfurarsa, malamin makaranta guda, ya rasa abokin yaƙi sai gwangwani! Ran da ka dace da zabuwa ɗaya kuwa mun shiga uku da labari, har a ci a siɗe ba ka gama ba.

Amma ban taɓa ganin mai tsoron bindiga kamarka ba, kai da ka mallake ta da lasisinka da komai. Kana dawowa sai ka goge ta da mai, ka ɓalle ta gida uku. Dogon ƙarfen a saman sif. Gindin a cikin akwati mai kwaɗo. Shi kuma ɗan katakon nan na ƙarƙashin ƙarfen, wanda hannun hagu ke riƙewa, sai ka miƙo mini, ka hana ni gaya maka inda zan sa shi. Ka ce in babu shi ba ta ɗanuwa. Ka ce namiji in zuciya ta ɗebe shi, kafin ya je ya roƙi matarsa katako, ya amsa tambayoyinta, ai ya huce. Dariya na yi a lokacin, don ban taɓa ganin ka ɗaga wa ko akuya hannu ba.

Har harsashi ka koya mini. Ka zauna a tabarma ka zazzage guda biyu a faifai. Ɗaya ƙwayoyinsa ƙanana kamar gero, ka ce shi ne na tsuntsu da gwangwani, shi kaɗai kake saye. Ɗayan manya-manya kamar gujiya, wani abokin harbinka ya ba ka ka gani, ka ce wannan ba shi da abin yi a gidan mai iyali.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar nan da ka matsa mini na bi ka gona, ka gyara mini tsayuwa, na harba gwangwanin ya yi sama, na dawo ina mitar kafaɗata ta goce, na rantse ba zan ƙara ba. Wallahi daɗi na ji, Malam. Kunya ce ta hana ni cewa ka sake kai ni. Kuma duk ran da ka miƙo mini katakon nan ina tura baki, a zuciyata kaina fasuwa yake yi, don na san ba kowace mace mijinta ke ba wa irin wannan amana ba.

To ga abin da ya faru bayanka. 'Yan daba sun tare Abba a wajen unguwar Manawashi yana dawowa daga shago, suka sare shi a dantse, suka tafi da babur ɗinsa. An ɗinke hannun, ya warke, alhamdu lillahi. Amma ya gane ɗaya daga cikinsu. Bala ne, ɗan Goggo Hansai ta bayan layinmu. Balan da suka yi Islamiyya tare, wanda ya sha cin tuwo a kwano ɗaya da shi a zaurenka. Uwarsa ce ta yi ta wanke mana kwanuka duk kwanakin zaman makokinka. Tun da abin ya faru ba ta iya shigowa ba, baiwar Allah. Ɗan kuka ke nan, mai ja wa uwarsa jifa.

Maganar tana hannun hukuma, shi kuwa Abba ya ce ba zai iya jira ba. Ya daina cin abinci sosai, ya daina dariya. Ya sauko da ƙarfen daga saman sif. Ya fasa kwaɗon akwatinka ya ɗauki gindin. Da ya haɗa ya ga ta ƙi, sai ya zo ya durƙusa a gabana da ladabinsa, wai tsaron gida kawai zai yi da ita, tunda yanzu shi ne babba. Na kusa yarda, ka ji. Ɗana ne, na ga tabon hannunsa, ni ma zuciyata tafasa take yi.

Sai shekaranjiya ya ba da rigarsa wanki, na sa hannu a aljihu na ji abu mai nauyi. Harsasai ne, robarsu garau, ana hango ƙwayoyin ciki. Ba na gero ba ne, Malam. Na gujiya ne. A ina ya samo su? Wa ya sayar masa? Wane gwangwani ake harbi da wannan? Na zauna daɓas a bakin rijiya, ina ta inna lillahi.

Na kira Sale a waya. Ka san halin ƙaninka. Wai tsoro ne irin na mata, yaro zai huce, kuma bindiga tana cikin dukiyar magada, kada wanda ya taɓa ko ƙusa a jikinta sai an yi rabo. Da ba a takaba nake ba, wallahi da kaina zan naɗe ta a zani in kai wa hukuma, tunda lasisin naka ne kai kaɗai, ba a gadonsa. Amma ina zan fita? Ko ƙofar zaure ba na leƙawa. Ga ni a ɗaure a cikin gida, ni da katako da yaron da idonsa ya rufe.

Jiya ina banɗaki ya shiga ɗakina. Abba, wanda ko bakin gadona ba ya zama saboda kunya. Ya bubbuɗe kwallayena, ya ɗaga katifa, ya zazzage adakata. Na fito na tarar da shi tsaye a cikin kayana, muka kalli juna, bai ko sunkuyar da kai ba. Bai samu ba, don tun ran da ya fasa akwati na ɗaure katakon a ƙuguna, da shi nake salla, da shi nake kwana. A ranar na ji tsoron ɗan da na haifa.

Me ya sa ba ka ce komai a kanta ba? Ka yi wasiyya a kan littattafanka, ka yi a kan gona, har kekenka ka faɗi wanda za a ba. Bindigar fa? Ko kana ganin tunda katakon yana wurina magana ta ƙare? Na ji haushinka, Allah Ya sani, na ji haushinka ƙwarai.

Yau da hantsi, bayan ya tafi shago, na hura murhu. Na kwance katakon. Ya yi sulɓi a daidai inda tafinka ke zama, har yanzu yana ƙanshin man nan naka. Rigunanka duk an ba da su sadaka, shi ne kaɗai abin da ya rage mini mai ɗauke da alamar hannunka. Na daɗe ina riƙe da shi. Sai na tuna Goggo Hansai, na tuna gidan yari, na tura shi cikin wuta, na ɗora tukunya a kai. Ya ci da sauri saboda man da ya sha. Ƙarfen jikinsa na tsamo da muciya na jefa a masai, harsasan kuma suna ƙasan rijiya.

Na san na taɓa dukiyar magada. Sale zai yi faɗa, malamai za su ce na yi ɓarna, a cire daga tumunin takabata, ban damu ba. Na san kuma akwai maƙera a garin nan, in ya nace zai iya samun wanda zai sassaƙa masa wani. Amma ba daga hannuna ba. Kafin ya samu, wataƙila ya huce, kamar yadda ka ce.

An idar da La'asar, yanzu zai shigo. Ba zan ɓoye masa ba, zan nuna masa tokar. Ban san ko zai zage ni ba, ko zai bar gidan, ko zai fashe da kukan da bai yi ba tun ran da aka kai ka. Ka yafe mini ƙona abinka, Malam. Ajiya ka ba ni, kuma a iya sanina yau ne na riƙe ta yadda ka so.

Ga sallamarsa nan a zaure. Sai mun haɗu, Allah Ya jiƙanka da rahama.

Matarka, uwar Abba,
wadda ke tara maka gwangwani.