Bencin Masu Awo da Ke Kallon Kasuwa

Zuwa ga Hajiya, shugabar asibitin garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da ma'aikatanki. Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Bagwai, karatuna bai yi nisa ba. Wallahi da kunya nake wannan rubutu, don maganar da ko a gaban mahaifiyata ban taɓa furtawa ba ita zan faɗa a bainar jama'a: mai ɗakina tana da juna biyu, kuma na fari ne.

Na ɗaya, Hajiya, ranar awo ta faɗo ranar kasuwa, kuma bencin da mata ke jira a kai yana bakin titi. Rumfar da surukina ke sayar da hatsi tana kallonsa kai tsaye. Kin san kunyar cikin fari a wajenmu. Yarinyar da ko sunan cikin ba ta iya kamawa, yaya za ta zauna layin masu ciki mahaifinta yana gani?

Na biyu, malamar da ke kiran suna daga bakin ƙofa take ɗaga murya, har da watannin ciki. Ranar da aka yi wa mai ɗakina allurar farko ta rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jarirai, masu shayi sun riga ni sanin watanninta. An ce ta dawo a yi ta biyu kafin haihuwa. Na kai ta a babur, ta hango hular babanta, ta ja mayafi ta ce mu juya. Ni ma na kasa cewa a'a, don nauyinsa nake ji.

Ba raina allurar muka yi ba. Jaririn yayata bai kai suna ba ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Ni na riƙe shi zuwa makabarta.

Roƙona, a mai da bencin bayan gini, a riƙa kiran suna a hankali. In babu abin kariya, na saƙa zana biyu, zan kawo in kafa da hannuna. A taimaka kafin wata mai kamawa, don za ta tafi gidansu goyon ciki, can kuwa bakina ba zai iya tambayar ko ta je ba.

Allah ya saka miki da alheri, ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Wassalam,
Wani magidanci da ya kasa sa sunansa