Moton da Ka Aike Ni In Gani

Zuwa ga Yayana Iliyasu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina neman gafara da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Duk sa'ad da ka kira waya Inna tana zaune kusa, ni kuma ba abin da nake iya cewa sai lafiya lau.

Ka aike ni in duba moton nan, wato babur ɗin da mai waldan bayan tasha ya haɗa, wanda ka gani a hoto kake son saye kafin ka dawo. Na je ranar Alhamis tare da Kawu Sahabi. Gaskiya yana da kyau. Baƙi ne, sirdinsa ƙasa-ƙasa, hannuwansa dogaye. Sai dai ba shi da amortisa a baya, abin nan da ke shanye girgiza. Ƙarfe ne zalla daga sirdi har taya. Mai waldan ya ce da gangan ya yi, wai haka ake yayi.

Kawu ya goya ni muka kama hanyar Barmu, inda ka ce za ka riƙa kai Inna ganin Kaka. A kan kwalta ban ji komai ba. Da muka sauka kan duwatsu, kowane dutse sai da na ji shi har tsakiyar kaina. Kawu ya tsaya, ya miƙe da ƙyar, ya ce jakin gidanmu ya fi wannan tausayi.

Inna ta ce in gaya maka ka saya. Ta ce tun kana ƙarami kake zana moto a ƙasa da tsinke, kuma wanda ya tafi biɗar arziki ba a ɗora masa kaya biyu.

Yaya, ka yafe ni, zan ɗora maka. Tun damina bayan Inna yake ciwo. Ta daina daka, a zaune take salla. Ni nake ɗebo ruwa in ɗora tukunya kafin in tafi makaranta, har sau biyu malamin lissafi ya tashe ni daga gyangyaɗi. Ba ƙara nake kawowa ba. Na gaji ne, kuma ɓoyewar ta fi aikin gajiyar da ni.

Ka san halinta. In ka tsayar da moton nan a ƙofar gida, za ta gyara mayafi ta hau, ta yi ta murmushi har Barmu, ba za ta ce maka uffan ba.

Guminka ne, ban isa in hana ka ba. Ba na dai so ka saya ba tare da ka sani ba.

Allah ya tsare ka, ya ba Inna lafiya, ya dawo mana da kai. Ranar Litinin Kawu zai kai ta wurin likita. Ba ta san na rubuta ba, amma yau bayan la'asar zan gaya mata da bakina. In ba ka yi fushi da ni ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka abin da likita ya ce.

Ƙanwarka,
Rakiya